Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin gandun daji da masu ba da kuɗin dashen itatuwa: dan Allah ku daina sare dajin da yake dawowa da kansa

Zuwa ga masu girma ministocin muhalli da daraktocin gandun daji na ƙasashen da Allah ya ba kurmi, da ƙungiyoyi da bankunan da suke zuba kuɗi a harkar farfaɗo da dazuzzuka.

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ina rubuto muku ne a madadin mu ƙananan ma'aikatan wannan harka, masu cika leda da ƙasa suna renon dashe, da masu shiga daji tattaro iri, da malaman daji da suke kwana a bakin iyaka in rani ya yi, da manoman da gonakinsu suke jingine da kurmi. Mu ba a kiranmu taro kuma ba mu ce dole sai an kira mu ba, amma dai in an gama biki an ɗauki hoto motoci sun juya, mu ake bari da filin, mu muke ganin abinda ya rayu da abinda ya mutu, shi yasa muka ga ya kamata ku ji daga bakinmu.

Abinda ya sa muka kasa yin shiru shi ne 2030 ta ƙarato. A 2011 aka yi alkawarin Bonn a Jamus, aka ce za a farfaɗo da hekta miliyan 150 na dazuzzuka da filayen da suka lalace a duniya kafin 2020, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 350 kafin 2030. Ƙasashen Afirka suka zo da nasu shirin AFR100 a 2015 na hekta miliyan 100, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na gyaran muhalli. Duk wannan abin a yaba ne wallahi. Amma yanzu da lokaci ya fara ƙurewa sai muke ganin gaggawa ta shigo, kowa so yake ya cike lissafi, kuma hanya mafi sauƙi ta cike lissafi ita ce a ba da kwangila a share fili a jera dashe iri ɗaya a ƙirga a rubuta a rahoto. A cikin sharar nan ne ake kashe abinda ya fi komai amfani.

Kukanmu na farko kenan, kuma shi ne babba. Filin da kuke kira sunƙuru ko saura mara amfani, sau da yawa daji ne da ya riga ya kama hanyar dawowa. Duk inda aka sare kurmi ko wata babbar bishiya ta faɗi rana ta samu ƙasa, akwai wasu itatuwa da suke fara fitowa tun kafin kowa, mu muna ce musu itatuwan share fage. A Afirka akwai Musanga mai ganye kamar laima, da Trema, da Harungana, da Anthocleista. A kudanci da tsakiyar nahiyar Amurka Cecropia ce da Vismia da balsa, a Asiya kuma Macaranga ce ta fi yawa. Irinsu ƙanana ne sosai, suna kwance a cikin ƙasa suna jira, wasu sai sun ji kalar haske ta canza, ma'ana rana ta sauko kai tsaye ba ta ratso ganye ba, sannan su tsiro, wasu kamar balsa zafin da ƙasa take ɗauka da rana ne yake tashe su. Da sun tsiro kuma ba wasa, a shekara ɗaya sai su yi mita biyu ko uku, kafin ka ankara sun rufe wurin.

Katakonsu ba shi da ƙwari, ba sa daɗewa, Musanga kafin shekara 20 zuwa 30 ta tsufa ta faɗi, shi yasa ɗan katako yake raina su, injiniyan aiki ma in ya zo da taswira kallon ciyawa yake musu. Alhali aikin da suke yi ba wani ɗan kwangila da zai iya yi. Inuwarsu ce take kashe tofa da sauran ciyayin da suke cin wuta, ganyensu da yake zuba yana ruɓewa da wuri ya mayar wa ƙasa ƙarfinta, saiwarsu ta riƙe ƙasar kar ruwa ya wanke ta, iskar da ke ƙarƙashinsu ta yi sanyi ta riƙe danshi. Sannan babban abun, suna 'ya'ya da wuri kuma da yawa, sai tsuntsaye da jemagu da birai su riƙa zuwa ci, kuma duk wanda ya zo ci sai ya bar kashi, a cikin kashin nan akwai irin manyan itatuwan kurmi da ya ciyo a wani wuri. Waɗannan manyan su kuma ba sa iya tashi a cikin rana tsaka, suna buƙatar inuwa suna ƙanana. Suna nan ƙasa suna girma a hankali har ranar da mai share fagen zai faɗi su karɓi wurin. A tsakani kuma akwai irin su rimi da loko da suke son rana tun farko amma suna daɗewa har su zama manyan daji. Haka kurmi yake dawowa tun fil azal, hawa hawa, ba wanda ya jera shi a layi.

Kuma wannan ba zancen baki bane. A 2021 Lourens Poorter da abokan aikinsa suka fitar da bincike a mujallar Science daga wurare 77 a nahiyar Amurka da Afirka ta Yamma, suka ga cewa filin da aka daina nomawa aka bar shi, cikin shekara 20 yana dawo da kusan kashi 78 cikin 100 na siffofin tsohon kurmi in an haɗa su gaba ɗaya. Ƙarfin ƙasa ma bai kai shekara 10 ba yake dawowa. Abinda yake ɗaukar lokaci shi ne nauyin itacen da kuma dawowar ainihin ire-iren bishiyoyin da suke wurin tun asali, wannan sai an haura shekara 120. To ku duba fa, wanda ya sare saura mai shekara bakwai don ya shuka itacen turare ba daga farko ya fara ba, baya ya mayar da mu.

Ni da idona na ga haka a wani aiki da na yi, ba zan ambaci sunan kowa ba. Wani gangare ne da aka daina nomawa, Trema da Musanga sun rufe shi, in ka durƙusa ka duba ƙasa za ka ga 'yan tsiron manyan itatuwa birjik waɗanda ba wanda ya shuka. Aka ce ba ya cikin lissafi tunda ba dashe bane, aka kawo masu adda aka yi masa sassabe aka jera iri ɗaya. Rana ta samu ƙasa tofa ta dawo da ƙarfinta, rani na zuwa wuta ta bi ta kai ta cinye dashen. A takarda wurin yana cikin hektocin da aka farfaɗo. Garin neman gira aka rasa ido, kuma wani dattijo da gonarsa take kusa sai da ya faɗa tun ranar da aka fara saran amma ba wanda ya tsaya ya saurare shi.

Na biyu shi ne yadda kuke auna nasara. Guda nawa aka dasa, hekta nawa aka rufe, shikenan. Ba a komawa a duba. A 2022 Lindsay Banin da wasu masana suka tattara bayanai daga wurare 176 na dashe a yankunan zafi na Asiya, suka ga a matsakaici kashi 18 cikin 100 na dashen yana mutuwa a shekarar farko, bayan shekara biyar kuma kashi 44 ya tafi. Kuma sun lura dashen ya fi rayuwa a inda akwai sauran manyan itatuwa a tsaye fiye da filin da aka share ƙaf. Mu da muke renon nan wata da watanni muna ba shi ruwa safe da yamma, ba ƙaramin ciwo muke ji ba in muka wuce muka ga ledoji a yashe da busassun tsinke, saboda kuɗin aikin ya ƙare ranar dashe, babu na cire ciyawa babu na gadi babu na tare wuta.

Sai maganar me ake kira daji ma tukuna. A ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, fili ya haura rabin hekta, itatuwa su iya kai mita 5, inuwarsu ta rufe sama da kashi 10 cikin 100, ya zama daji. Da wannan ma'auni gonar turare ko ta malaina da za a sare bayan 'yan shekaru ta shiga lissafi daidai da kurmi. A 2019 Simon Lewis da abokansa suka duba alkawuran da ƙasashe suka yi suka ga kusan kashi 45 cikin 100 na filin gonakin katako ne na iri ɗaya, wanda za a bari ya dawo da kansa kashi 34 ne kawai, kuma a lissafinsu dajin asali yana riƙe iskar kabon ninki 40 na gonar katako a tsawon lokaci, don ita gonar ana sarewa ana sake shukawa. Mu ba ma gaba da gonar katako ko kaɗan, mutane suna buƙatar katako da itacen girki da takarda, kuma in an noma su a inda ya dace suna rage wa kurmi nauyi. Kawai dai a kira ta da sunanta a ware mata layinta a rahoto, kar a karɓi kuɗin farfaɗo da daji a yi noman katako da shi.

Wuta kam sai mun ɗan tsaya a kanta. Kurmi mai ruwa bai saba da wuta ba, ɓawon itatuwansa siriri ne, wutar da ba ta wuce gwiwa ba sai ta kashe bishiyar da ta fi shekara ɗari. A kusa da Manaus a Amazon, Rita Mesquita da abokan aikinta sun kwatanta filaye iri biyu a binciken da suka fitar a 2001. Wanda aka sare aka bari ba a yi ta ƙonawa ba Cecropia ce ta rufe shi kuma a ƙarƙashinta ire-iren itatuwa da yawa suka taso. Wanda aka mayar makiyaya ana banka masa wuta akai akai, irin da ke ƙasa ya ƙone kututturai suka mutu, sai Vismia kusan ita kaɗai ta mamaye don ita tana toho daga saiwa, wurin ya tsaya cak shekara da shekaru ba ci gaba. Ruwa ɗaya ƙasa ɗaya, wuta ce kawai ta raba su. A Guanacaste ta ƙasar Kosta Rika kuma, lokacin da Daniel Janzen da Winnie Hallwachs da ma'aikatan wurin suka tashi dawo da dajin tun shekarun 1980, babban aikin da suka sa a gaba shi ne kashe gobara a tsofaffin makiyayu, iska da dabbobi suka kawo irin. Ga kuma abinda ya faru a 2024, duniya ta rasa hekta miliyan 6.7 na tsohon kurmin yankin zafi a shekara ɗaya, kusan rabi wuta ce ta ci. Amma har yanzu in ka duba kasafin yawancin ayyuka, na bikin ƙaddamarwa ya fi na malaman dajin da za su share layin tare wuta.

Ba muna cewa a naɗe hannu a ko'ina bane fa. Akwai wurin da ba zai dawo da kansa ba, inda aka yi haƙar ma'adinai ƙasar sama ta tafi, ko inda kurmi mafi kusa ya yi nisa, ko inda tofa da wani tsiro mai mamaye fili da ake kira Chromolaena suka riƙe shekaru. Nan dole a yi dashe. Amma ko dashen akwai yadda ake yi. A Kwinsland ta Ostireliya aka fara wata dabara wadda Stephen Elliott da sashen binciken FORRU na jami'ar Chiang Mai a Tailan suka ɗauka tun 1994 suka inganta, a zaɓi ire-iren itatuwan gida kamar 20 zuwa 30 a gauraya masu share fage da masu daɗewa, waɗanda suke rufe ciyawa da wuri kuma suke jawo tsuntsaye, sauran aikin a bar wa dajin. A kudancin Kosta Rika Karen Holl da Rakan Zahawi sun gwada dasa 'yan tsibirai na itatuwa a tsakiyar fili maimakon a cika shi duka, suka ga tsuntsaye suna sauka suna zubar da iri kusan kamar inda aka dasa ko'ina, da dashe kaɗan. A Filifin mutane suna taka tofa da katako su kwantar da ita a kewayen 'yan tsiron da suka fito da kansu, ba sara ba ƙonawa. A yankin Xingu na Barazil akwai ƙungiyar masu tattara iri da aka kafa a 2007, suna gauraya iri kala kala su watsa kai tsaye a ƙasa, kuma 'yan asalin yankin da ƙananan manoma ne suke tattarowa ana biyansu. Duk waɗannan an gwada an rubuta, amma mu har yau takardar da take iso mana daga ofis layi da tazara ce kawai da iri ɗaya ko biyu.

Dalilin iri ɗaya ko biyun ma mun sani, su ne ake samu a saya da buhu. Irin manyan itatuwan kurmi da yawa ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya mutu, wasu cikin 'yan kwanaki, kuma manyan itatuwan katako na kudu maso gabashin Asiya da ake kira dipterocarp ba kowace shekara suke 'ya'ya ba sai su yi shekaru sannan su zubo gaba ɗaya. Wanda zai kawo maka wannan iri sai wanda ya san uwar bishiyar ya san watan da take zubarwa, kuma shi ne ba a saka a kasafi. Sannan a yi hattara da ɗauko mai share fagen wata nahiya a kai wata, Cecropia da aka kawo Kamaru da Kodebuwa ta bazu tana gogayya da Musanga ta gida a bakin hanyoyi da saurukan da da Musangar ce take rufewa.

Dabbobin ma ba a lissafa su. Mafi yawan itatuwan kurmi dabba ce take kai musu iri. Jemagen nan mai ruwan ɗorawa da ake gani dubbai a kan bishiyoyin Accra, bincike ya nuna yana iya kai ƙananan iri har nisan kilomita 75, kuma yana cikin masu yaɗa irin loko. Cilakowa da birai suna ɗaukar matsakaita, giwar kurmi ita take haɗiye manyan ƙwallaye irin na babbar bishiyar moabi ta kai su nesa. In aka bar farauta ta share waɗannan, za ku ga wuri ya yi kore shar daga tauraron ɗan adam amma masu share fage ne kawai suke maye gurbin juna, manyan ba za su taɓa isowa ba.

Na ƙarshe a koken, kuma shi ya fi shafar manoma, doka ce. Manomi ba ya sare toho don mugunta. A wurare da yawa in ya bar saurarsa ta girma sai hukuma ta ce ta zama daji ya rasa ikon taɓa ta, ko a ce ya yi watsi da fili a ba wani. A Gana tun dokar 1962 bishiyar katako da ta fito da kanta a gona tana hannun shugaban ƙasa ne a madadin al'umma, ana iya ba ɗan katako izini ya zo ya kayar da ita a kan kokon manomi, to me zai sa ya bar ta ta girma, tun tana ƙarama yake cire ta. A kudancin Kosta Rika, ƙasar da ake yabo saboda dokar dajinta ta 1996 da biyan masu fili don su bar itatuwa, binciken Leighton Reid ya nuna rabin dazuzzukan da suka sake tasowa an kuma sare su kafin su cika shekara 20. A Nijar kuwa, duk da ba kurmi bane, tun tsakiyar shekarun 1980 da manoma suka fara renon tohon kututture a gonakinsu kuma suka samu tabbacin itacen nasu ne, an kai kusan hekta miliyan 5 ba tare da leda ko ɗaya ba.

Saboda haka ranku ya daɗe ga abinda muke roƙo. Kafin a sa adda a kowane fili a tura wanda ya san itatuwa ya zaga shi da ƙafa tare da mutanen wurin, a ƙirga tsiro da kututturan da suke da rai, in sun isa a hana sharewa a rubuta shi a matsayin filin da yake farfaɗowa kuma a ba shi kuɗi kamar yadda ake ba na dashe. Kuɗin kwangila a raba shi, kaso mai tsoka kar ya fita sai an dawo bayan shekara uku da biyar an ga abinda yake raye da ire-iren da suka shigo da kansu, kuma a buga sakamakon kowa ya gani har da wuraren da suka lalace.

Muna roƙon a sa albashin malaman daji da kayan kashe gobara da share layin wuta a cikin kowane aiki na aƙalla shekara goma, tunda dajin ba ya gama tashi a wa'adin minista ɗaya. A riƙa biyan masu tattara irin gida, a yi wa uwayen bishiyoyi alama a hana sare su ko da suna tsakiyar gona ne. A gyara dokokin mallakar itace ta yadda wanda ya rena bishiya a filinsa zai ci moriyarta shi da 'ya'yansa, kuma barin saura kar ya zama dalilin ƙwace wa mutum fili. A rahotanninku ku raba gonar katako daban, noman da ake haɗawa da itatuwa daban, dajin asali daban. Kuma dan Allah a ƙyale filayen ciyawa na asali, a 2024 Catherine Parr da abokan aikinta sun yi gargaɗi a mujallar Science cewa a ƙarƙashin alkawuran AFR100 yankin da ya kai girman Faransa wanda ba kurmi bane tun fil azal yana cikin haɗarin a cika shi da dashe, wannan ɓarna ce ga makiyaya da namun dajin wurin da ruwan ƙasa.

Sannan duk kuɗin da za a kashe a gyara, a fara da tsare tsohon kurmin da ya rage, don daga cikinsa iri da jemagu da tsuntsayen suke fitowa. Sama da ƙasashe 140 suka sa hannu a Glasgow a 2021 cewa za su tsayar da sare daji kafin 2030, muna roƙon kowace ma'aikata ta fito ta faɗa wa jama'arta hekta nawa na tsohon kurmi ta ba da izinin sarewa tun daga ranar zuwa yau.

In kun tashi zagayen duba aiki na gaba ku sanar da mu da wuri, za mu raka ku wuraren da aka dasa shekara biyar da suka wuce da kuma saurukan da aka bari ba a taɓa ba, ku gani da idonku.

Allah ya ƙara girma, ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
a madadin masu renon dashe, masu tattara iri, malaman daji da manoman bakin kurmi.